Wasiƙa daga Rasul Khaima: aikin lilon waya a ranar cunkoso, da abin da Kano za ta iya ɗauka

Assalamu alaikum Yaya. Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kana lafiya da iyali da mutanen gida baki ɗaya. A duƙa a gaishe min da Hajiya, a ce mata ina neman addu'a.

Saƙonka ya iso, har da hoton filin nan na gefen ruwan Tiga da ka ce kai da abokin cinikinka kuna so ku kafa irin wasan da muke aiki a kansa a nan. Ka tambayi kuɗin waya da na ƙarafa. Zan amsa maka, amma ta doguwar hanya, domin in na tsaya a kan farashi kaɗai na cuce ka. Waya da ƙarafa su ne ɓangaren da ya fi sauƙi, wasunsu ma a Ƙofar Ruwa za ka same su. Abin da ke cin kuɗi da ma'aikata a nan shi ne dubawa: a duba da safe, a duba kafin a saki kowane mutum, a rubuta, a kuma yar da kayan da ido ke ganin lafiyarsu ƙalau. Bari in bi da kai cikin rana guda ta cunkoso, daga asuba zuwa magariba, sai ka auna da kanka.

Turawa suna ce masa zif-layin, ni kuwa lilon waya nake ce masa in ina yi wa 'yan gida bayani. Wayar ƙarfe ce ake ɗaurewa daga tudu zuwa wani wuri da ya fi shi ƙasa, a rataye mutum a jikin fuli mai taya biyu, nauyinsa ya ja shi ya zarce. Babu inji, babu lantarki. Mafi shahara a wannan ƙasa, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, shi ne na dutsen Jabal Jais, mai tsawon kilomita 2.83, wanda aka buɗe a watan Fabrairun 2018, ya kuma shiga kundin Guinness a matsayin mafi tsawo a duniya a lokacin. Gudun mutum a kansa yana kai kilomita 120 zuwa 150 a awa. Akwai na Dubai Marina mai kilomita 1, wanda ke tashi daga tsayin mita 170 a tsakiyar benaye. Waɗannan manya ne. Galibin wurare a duniya gajerun layuka ne na 'yan ɗaruruwan mitoci, ana bin su ɗaya bayan ɗaya, kuma irinsu zan yi maka magana a kai, tunda su ne daidai da abin da kuke tunani.

Kasuwar tana ci ne daga Oktoba zuwa Afrilu, lokacin sanyi. Tun daga Janairun 2022 hutun ƙarshen mako a galibin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya koma Asabar da Lahadi, to waɗannan ranaku da ranar bikin ƙasa ta 2 ga Disamba su ne ranakun cika. Ka ƙiyasta Gidan Zoo washegarin Sallah. Bambancin shi ne a nan mutum ba ya tasowa kawai ya zo. Ta intanet yake sayen tikiti, kuma tikitin yana ɗauke da lokaci: ƙarfe 10:00 ko 10:30. Wanda ya makara ya rasa gurbinsa. Da farko abin yana yi wa Bahaushe kama da rashin kara, amma shi ne yake hana mutum 200 taruwa a gindin dandamali guda suna tura ma'aikaci ya yi sauri, kuma sauri shi ne ke kashe mutum a wannan aiki.

Ma'aikata suna isowa awa biyu kafin baƙon farko. Ana farawa daga turke, wato inda wayar take ɗaure. Wayar da aka fi amfani da ita a gajerun layuka mai kaurin rabin inci ce, kusan milimita 13, wadda aka yi wa wankan tutiya don kada ta yi tsatsa, saƙar 7 sau 19: tufka 7, kowace da siraran wayoyi 19, jimilla 133. Irin wannan tana jure kimanin tan 10 kafin ta tsinke, amma ƙa'idar Amurka ita ce kada nauyin aiki ya wuce kashi 1 cikin 5 na hakan. Kada ka ce ai mutum bai fi kilo 100 ba. Wayar da aka ja ta miƙe tana ninka nauyi. In lanƙwasar da ta yi a tsakiya kashi 2 cikin 100 ne na tsawonta, mutum mai kilo 100 da ke rataye a tsakiya yana jan kowane turke da ƙarfin da ya kai kilo 1,250, ban da nauyin ita wayar kanta. Shi ya sa turken da mai walda ya kafa da ido, ko bishiyar darbejiya, ko kusurwar gini, ba sa cikin magana.

Inda wayar ta zagayo ta koma jikinta, ko dai a matse ta da inji, ko a sa kilif mai noti biyu. Nan ne na fi jin tsoro game da gida, domin kilif ɗin iri biyu ne kuma a ido kusan ɗaya suke: akwai na ƙira, akwai na zubi. Na zubi shi ne mai araha, shi ake sa wa shinge da rumfa, kuma masu yin sa da kansu sun hana a rataye rai a kansa. Ko na ƙirar ma yana da gaba da baya. Ɓangaren mai faɗi mai kama da sirdi yana zama ne a kan wayar da ke ɗauke da nauyi, shi kuma ƙarfen da ya lanƙwashe kamar kofato yana zama a kan guntun jelar da aka maido. In aka juya shi, yana murƙushe wayar mai aiki. Kamfanin Crosby, mai ƙera irin wannan kilif, ya ƙayyade kilif 3 aƙalla ga waya mai rabin inci, a ɗaure da sifana mai awo, a sake ɗaurewa bayan an ɗora nauyin farko. Ana shafa ɗigon fenti a bakin kilif na ƙarshe. Da safe abin da ake dubawa ke nan: in fentin ya matsa ko da kaurin farce ne, wayar tana zamewa, layin ba zai buɗe ba.

Daga nan ma'aikaci ya hau wayar a hankali, riƙe da tsumman auduga yana shafa ta. Siririyar waya guda in ta tsinke ido ba ya ganinta, amma tana kama zaren tsumma. Ana neman tsatsa, da inda ta baje, da inda tufka ta buɗe. A kullum ma'aikaci ne ke fara hawa kowane layi da cikakken gudu kafin baƙo, don a ji yadda birki yake kamawa a yanayin wannan safiya.

A daidai wannan lokaci wasu suna ɗakin kaya. Kowane fuli ana juya tayarsa da yatsa a kasa kunne. Boris mai lafiya shiru yake yi, wanda ƙura ta shiga yana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Ƙugiyoyin ƙarfe masu kulle kansu ana buɗe kowace a sake ta, dole ta rufe ta kulle da kanta ba tare da an taimaka mata ba. A jikin kowace ƙugiya ta gaske akwai lamba da haruffan kN. Kilonutan 1 kusan kilo 100 ne, kuma ƙa'idar Amurka ta ce kada ta gaza 22. Ita wannan ƙugiya, in nauyi ya faɗo mata a kaikaice ko bakinta a buɗe, ƙarfinta yana iya sauka zuwa 7. Irin ƙugiyar da ake rataye makulli da ita, wadda ake tallarta a bakin titi, kamanni kawai suka yi.

Sai ɗamarar da ake ɗaura wa mutum a ƙugu da cinyoyi. Ana bin ɗinkinta da yatsa, ana lanƙwasa ta ana neman inda ta bushe ko ta yi gashi ko launinta ya kore. Kamfanin Petzl na Faransa, mai yin kayan da ake amfani da su a wannan sana'a, ya ce kayan zare da na roba ba sa wuce shekara 10 daga ranar da aka yi su, ko da a leda suke ba a taɓa su ba. A wurin da ake sa wa mutum goma ɗamara guda a yini, ga rana ga gumi, ba ta kai ko kusa da haka. Ƙarfe kuwa, in gogayya ta ci fiye da milimita 1 a jikinsa, ya gama aiki. Kowane abu yana da lambarsa da shafinsa a rajista: ranar saye, ranar fara aiki, wanda ya duba, abin da ya gani.

Ina so ka tsaya a kan wannan, Yaya. Ɗamarar da aka cire daga aiki ba a ajiye ta, ba a ba wa ma'aikaci kyauta, ba a sayar da ita. Almakashi ake sa mata a yanka ta gunduwa-gunduwa. Mu da muka tashi muna ganin yadda ake farfaɗo da mataccen injin a Ƙofar Ruwa, da yadda takalmi ke yin rai uku a hannun mai gyara, abin yana yi mana ciwo. Kuma a mafi yawan abubuwa mu ne da gaskiya, domin a ƙasar nan ana zubar da firiji saboda ƙaramin lahani da wani yaro a Sabon Gari zai gyara kafin ka gama shan shayi. Amma zaren nailan da rana ta ci, ko ruwan batir ya taɓa, yana rasa ƙarfinsa ba tare da ya nuna ba, kuma babu telan da zai mayar masa. Rigar gwanjo ta Ƙofar Wambai in ta yage kunya kawai za ka ji. Don haka duk wanda ya kawo muku ɗamara ko igiya ko hular kwano ta gwanjo, ko da daga Turai ta zo, ko da sabuwa fil take a ido, in babu rajistarta kada ku karɓa ko kyauta ne.

Ƙarfe 9:00 baƙi suka fara shigowa. Kowa zai cika fom: mai juna biyu, mai ciwon zuciya, wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, mai ciwon baya ko wuya, ba sa hawa. Sannan kowa ya hau sikeli, ba a karɓar abin da mutum ya faɗa da bakinsa. Yawancin wurare suna karɓar daga wajen kilo 30 zuwa wajen 115 ko 120, kowane layi da iyakar da injiniyansa ya yanka. Dalilin iyakar sama ba tsoron tsinkewar waya ba ne. Mai nauyi ya fi gudu, kuma in gudu ya ninka sau 2, ƙarfin da birki zai shanye ya ninka sau 4. Mara nauyi kuma iska tana tsayar da shi a tsakiyar hanya. Wasu wurare suna juya fuskar sikelin wajen ma'aikaci kaɗai don kada a kunyata kowa, kuma wannan dabara ce da za ta yi amfani sosai a gida.

Amfanin sikelin duk ya rataya ne a kan abu guda: yarinyar da ke teburin karɓa tana da ikon ce wa kowa a'a, kuma manaja ba zai zo ya warware ba. Ka san yadda muke. Alhaji ya zo da iyalinsa da motoci uku, ya haura iyaka da kilo 8, yaron da ke kan sikeli ɗan unguwarsu ne. Kunya za ta hana yaron magana, in ya yi magana a kira mai wurin a waya a nemi alfarma. A nan abin da ke sauƙaƙa wa ma'aikaci shi ne an rubuta iyakar a tikiti tun kafin a biya, kuma kowa ya sa hannu. In ba za ku iya tsayawa a bayan yaronku ranar da ya hana babban mutum hawa ba, to ku bar filin nan ku shuka masara, ya fi muku alheri duniya da lahira.

Maganar sutura ma ta shafe mu kai tsaye. Duk abin da ke kaɗawa yana iya shiga fuli: mayafi, jelar rawani, igiyar hula, dogon kitso. In ya shiga, fulin yana tsayawa nan take, kuma wuya ko gashi ne ke ɗaukar nauyin. Babbar riga da jallabiya ba sa karɓar ɗamara sai da wando a ciki. Silifa ba ta hawa. Matan Larabawa suna zuwa da yawa, kuma abin da ake yi shi ne su sa wando a ƙarƙashin abaya, a cusa bakin hijabi cikin wuyan riga, hular kwano ta hau kai. Mace ce ke ɗaura wa mace ɗamara, domin aikin taɓa ƙugu da cinya ne. A Kano wannan ba zaɓi ba ne, dole ku horar da mata, a ƙasa da kuma a kan dandamali. Ita ɗamarar tana zama ne a saman ƙashin ƙugu, a ja ta har tafin hannu ya shiga amma dunƙule ya kasa. Yara da masu tumbi, waɗanda ƙugunsu ba zai riƙe ta ba in suka kife, ana sa musu mai haɗe da kafaɗa.

Bayani ga baƙi ba ya wuce 'yan mintoci, kuma fiye da rabinsa da hannu ake yi, tunda a rukuni guda za ka sami Balarabe da Ba'indiye da ɗan Rasha. Zauna cikin ɗamarar, ɗaga gwiwa, kada ka taɓa ƙugiya, kada hannunka ya je gaban fuli. Wannan na ƙarshe ana maimaita shi sau uku, domin mai tsoro waya yake kamawa, fuli kuma ya bi ta kan yatsu.

Rukuni yakan kasance mutum 8 zuwa 12 da ma'aikata 2. Ɗaya ya riga kowa tafiya ya zama mai tarba, ɗaya ya tsaya ya zama mai saki. A kan dandamali ba wanda ke tsayawa ba a ɗaure ba, har ma'aikacin da ya shekara goma. Kowa yana da igiya biyu, kuma sai an maƙala ta biyu kafin a cire ta farko. Mai saki yana bin mutum daga kai zuwa ƙafa, yana taɓa kowane abu da hannu yana faɗin sunansa a fili: hula, ɗamara, ƙugiya a kulle, fuli a kan waya, igiyar kariya a bayan fuli. Sannan ya ɗauki oba-oba ya kira lambar layin ya tambaya. Mai tarba ba zai amsa ba sai ya cire wanda ya iso daga waya kuma ya mayar da birki mazauninsa. In ya amsa, mai saki ya maimaita abin da ya ji, sannan ya saki. In oba-oba ta yi ƙara ba a ji sosai ba, amsar a'a ce. Ɗaga hannu daga nesa ba amsa ba ne.

Ka yi lissafi: in kowane mutum yana cin minti 3 daga maƙalawa zuwa cirewa, layi guda mutum 20 yake ɗauka a awa, 160 a awa 8. Wannan shi ne iyakar cinikin yini, kuma a kansa za ku gina lissafin ribarku. Duk mai wurin da ya so ya haura haka, daga cikin dubawar nan zai sato lokacin. Haɗarin ba ya zuwa a kan mutum na farko da safe, lokacin kowa a farke yake. Yana zuwa bayan azahar, a kan na 90 ko na 100, baki yana faɗin “a kulle” ido bai duba ba, ko a saki mutum alhali wani yana rataye a ƙarshen layi. Shi ya sa ake sauya wa ma'aikata wuri a kai a kai, ake hana su riƙe wayar hannu a kan dandamali, ake tilasta musu shan ruwa da hutun cin abinci ko da layi ya kai bakin ƙofa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2015 ya ƙiyasta cewa mutum 16,850 ne aka kai sashen gaggawa na asibitocin ƙasar saboda raunin lilon waya tsakanin 1997 da 2012. Kashi 77 cikin 100 faɗowa ne, kashi 13 karo. Kusan rabinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 10.

Birki iri-iri ne. Mafi sauƙi shi ne a bar ƙarshen wayar ya ɗan yi sama, hawan ya cinye gudun. Akwai na safar hannu ta fata da mahayi ke danna wayar da ita a bayan fuli, amma wannan ya dogara da hankalin mutumin da ke cikin firgita, kuma in waya ta jiƙe ba ya kamawa. Akwai jerin sifirin a ƙarshen layi. Akwai na maganaɗisu, irin zipSTOP, wanda ke ƙara riƙo gwargwadon gudun mutum, ba tare da wani abu ya gogi wani a cikinsa ba. Kuɗinsa dubban daloli ne, kuma duk shekara sai an cire shi an aika wa wakilin kamfanin ya buɗe ya sabunta shaidarsa. Kowanne aka zaɓa, ana sa na biyu a bayansa wanda bai dogara da na farko ba.

Layin da ka gwada da safe ba shi ne na rana ba. Ƙarfe yana miƙewa da zafi: waya mai mita 500, in zafi ya ƙaru da digiri 20, tana ƙara kusan santimita 12. Sai ta ƙara lanƙwasa, hawan ƙarshe ya ƙaru, marasa nauyi su riƙa tsayawa kafin dandamali. Iska daga baya tana ƙara gudu, daga gaba tana ragewa, kuma akwai ma'aunin iska a kan hasumiya da lambar da in an kai ta ake rufewa. A Kano tazarar sanyin asuba da zafin azahar a lokacin hunturu babba ce, ga ƙurar da za ta cika boris, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga guguwar farkon damina da ke tasowa ba sallama. Game da tsawa, in tsakanin walƙiya da ƙararta bai kai daƙiƙa 30 ba, kowa ya sauka, kuma ba a komawa sai an yi minti 30 ba a ji ta ba. Doguwar wayar ƙarfe a kan tudu a watan Agusta, ka san me take kira. A nan kuma doka ta hana aiki a rana daga 12:30 zuwa 3:00 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba.

A ranar cunkoso abin da aka fi fama da shi shi ne wanda ya maƙale kafin ƙarshe. In kusa ne a jefa masa igiya, in da nisa mai tarba ya rufe layin ta oba-oba, ya hau wayar, ya maƙala shi a jikinsa ya jawo shi hannu bayan hannu. Ana gaggawa, domin wanda ya daɗe a rataye bai motsa ba, ɗamara tana tare jini a ƙafafunsa har ya suma. Shi ya sa ake ta yi masa magana ana ce masa ya riƙa motsa ƙafa kamar mai tuƙa keke. Jakar ceto, mai igiya da na'urar saukar da mutum ƙasa, tana kan kowane dandamali, kuma ana atisayenta a kai a kai da agogo. Sai wanda ya zo bakin dandamali ƙafarsa ta ƙi. Ba a tura shi, ko abokansa sun roƙa. A matsar da shi gefe a ɗaure, a saki na bayansa, a sake tambayarsa. In ya ce a'a, a sauko da shi ta tsani cikin mutunci.

Da yamma a ƙirga kaya, a goge hulunan kwano, a wanke ɗamarar da ta sha gumi da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu mara ƙarfi, a shanya a inuwa, nesa da fetur da batir da bilic. Sannan rubutu. Har kuskuren da bai jawo komai ba ana rubutawa, kuma ba a korar wanda ya faɗi nasa, domin in aka kore shi gobe ba wanda zai faɗa. Sau ɗaya a shekara wani mai bincike daga waje, wanda ba ya cin albashin wurin, yana zuwa ya bi komai bisa ƙa'idar ACCT ta Amurka ko EN 15567 ta Turai, kuma kamfanin inshora yana neman takardarsa. Wannan hidima ita ce za ku fi shan wahalar samu, kuma da dala za ku biya ta, har da tikitin jirginsa.

Akwai abubuwan da Kano ta fi nan, kuma ba kaɗan ba. Safar hannun fata da ake sayowa da tsada, dukawanmu za su ɗinka wadda ta fi ta in an ba su samfuri da kirgi mai kauri. Tsani, dandamali, rumfa, shinge, kujeru, duk masu waldar gida za su yi a kan kaso kaɗan na kuɗin nan, muddin zanen injiniya suke bi. Rigunan ma'aikata Kantin Kwari ta wadatar. Abinci kuwa ba a magana: a nan ruwan gora da hoton da aka ɗauke ka ma sai ka biya, kuma ba mai tambayarka ya gida ya iyali. Wurin da za a tarbi mutum da fara'a, ga masallaci, ga mai tsire da mai fura a gefe, zai fi wannan daɗin zuwa. Abin da za ku shigo da shi sabo daga dillalin kamfani, da takardarsa, shi ne waya mai shaidar gwaji, kilif na ƙira, fuli, ƙugiya, ɗamara, igiya, hular kwano da birki. Fuli guda mai kyau ya haura dala 100, kuma ku sayi rara, domin a nan in abu ya lalace ana kawo wani cikin kwanaki, ku kuwa sai kun jira jirgi da kwastan.

Na ga ka ambaci masu cewa a ja waya daga Dala zuwa Goron Dutse. Ku bar wannan magana. Tazarar tsayinsu ba ta kai ta ba da gangaren da ake so ba, ƙarƙashin duk gidajen mutane ne da wayoyin wuta, babu inda za a sauke wanda ya maƙale, kuma Dala wurin tarihi ne da bai kamata a fasa shi a zuba kankare ba. Tiga ta fi, sai dai daga can zuwa Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano tafiyar fiye da awa guda ce, don haka mota da direba da mai agajin gaggawa za su zauna a wurin duk ranar da aka buɗe. Kuma kada ranar buɗewarku ta zama ranar Sallah, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku yi makonni kuna sakin buhunan yashi masu nauyi daban-daban, safe da rana, kuna rubuta inda kowanne ya tsaya.

Kafin ku kashe ko sisi, ka samo injiniyan gine-gine mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya je filin da safiyo. Ina buƙatar tsawon filin, bambancin tsayi tsakanin farko da ƙarshe, irin ƙasar da turke zai shiga, inda ruwa ke kaiwa in dam ya cika a ƙarshen damina, da ɓangaren da iska ke fitowa a Disamba da kuma Mayu. In ka turo su zan haɗa ku da masu zana irin wannan layi su ba ku farashi na gaskiya. A gaida Yaya Babba da yara, Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka.